YADDA ZA A TSARE KAJI DAGA HADARIN DAMINA

Jama'ar Zabi, da na Samaru, da Basawa, da Bomo, da sauran unguwanni da ƙauyukan ƙasar Sabon Gari, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman matan gida, gama galibin kajin da ke yawo a tsakar gidajenmu nasu ne.

Da wuya ka shiga gida a ƙasar nan ka rasa kaza. Wani gidan har da agwagi da tattabaru da talotalo, ga kuma zabi, takwarorin garin nan. Kaza ita ce asusun uwar gida. In yaro ya kwanta da zazzaɓi, a kama zakara a kai kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, kuɗin magani ya samu. In an yi baƙon kunya, ita ce ta fid da mai gida kunya. Ƙwai kuwa abinci ne mai gina jikin yaro ƙwarai. Amma kowace shekara, da zarar ruwa ya sauka, sai ka ji ana jaje: wance 'yan tsakinta 12 sun mutu dare ɗaya, wane akurkinsa ya rufta a kan kaji. A kan ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, kome da nufin Allah ya ke. Amma Allah bai hana mutum ya yaɓe bangonsa ba.

Watakila wani ya ce, me ya haɗa ma'aikatan lafiya da zancen kaji? To, ga abin da ya haɗa mu. Gidan da bai yi shiri ba, ran da hadari ya taso, abu uku a kan yi cikin gaggawa. A tura yara su bi kaji cikin iska da tsawa. A kwashe kajin a shigar da su ɗakin da mutane ke kwana. A hura gawayi a rufe ƙofa don a ɗumama 'yan tsaki. Duk ukun nan suna iya kai mutum asibiti, wani ma kabari. Sa'an nan gari ya waye, ruwan da ya wanke kashin kaji ya gangara rijiya. Saboda haka gyaran akurki kafin damina aikin lafiyar iyali ne, ba na kaji kaɗai ba.

Halin hadarin ƙasar nan

A ƙasar Zazzau ruwa ya kan fara sauka daga ƙarshen Afrilu zuwa watan Mayu, ya ɗauke cikin Oktoba. Abin da a ke samu a shekara ya kan kai wajen milimita 1,000, watau kimanin inci 40, kuma watan Agusta ya fi kowane wata ruwa. Amma ba ruwan Agusta ke kwashe jinka ba. Hadarin da ya fi ɓarna shi ne na farkon damina da na ƙarshenta, gama su ne masu zuwa da iska.

Kowa ya san alamarsa. A yini ana zufa, iska ta ɗauke cak, ko ganye ba ya motsi. Can da la'asar, ko cikin dare, sai gabas ta yi baƙi ƙirin, a fara hango walƙiya. Sa'an nan iska mai sanyi ta taso da ƙura da yayi, bayanta kuwa ruwa, wani lokaci har da ƙanƙara. Daga tasowar ƙura zuwa saukar ruwa ba ya wuce 'yan mintoci. Ba lokacin neman kara da igiya ba ne ke nan.

Ku lura da abu ɗaya: irin wannan hadari daga gabas ya ke tasowa. Duba katangun unguwarku, za ka ga na gabas sun fi zaizayewa. Wannan shi ne ya kamata ya nuna maka inda za ka ƙarfafa akurki, da inda ƙofarsa za ta kalla.

Malka kuwa, watau ruwan nan na Agusta da ke yini yana zuba, ɓarnarta dabam ce. Ba ta da iska, amma ta kan jiƙa ginin ƙasa har ya yi laushi ya zube, ta cika tsakar gida da taɓo, ta hana kome bushewa. Waɗanda gidajensu ke kusa da fadama, ko bakin Kubanni, ko gangaren da ke kai ruwa Galma, su suka fi sanin wannan. Ambaliyar da aka yi a ƙasar nan a 2012 da 2022 ta isa ta tuna wa kowa cewa ruwa na iya kai wa inda bai saba kai wa ba.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta kan ba da hasashen damina tun farkon shekara, a kan kuma faɗi halin da sama za ta kasance a rediyo. A riƙa saurara.

Me ke kashe kaza in an yi ruwa?

Jikin kaza ya fi na mutum zafi, ya kan kai wajen digiri 41. Gashinta ne ke tsare mata wannan zafi, muddin yana bushe. In ya jiƙe sharkaf, iska kuma ta buge ta, sai zafin ya tsere, ta takure, ta kasa ci. Babbar kaza mai ƙoshi ta kan jure. Ɗan tsako ba ya jurewa. Abin da ke jikinsa ba gashi ba ne tukuna, laushi ne kawai kamar auduga, ruwa na taɓa shi ya manne. A makonsa na fari yana bukatar ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35, wanda ya ke samu a ƙarƙashin fikafikan uwarsa. Sai ya yi mako 5 ko 6 kafin gashinsa ya rufe shi sosai. Kafin nan, ruwan rabin sa'a ya isa ya kashe shi.

Bayan sanyi sai ruftawar gini, da ruwan da ke shiga akurki ta ƙasa cikin dare, da cututtukan da danshi ke kawowa daga baya. Duk waɗannan ana iya tare su tun rani.

Gyaran akurki

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Lokacin wannan aiki shi ne watan Maris zuwa farkon Afrilu, sa'ad da ƙasa ta ke bushe, aikin gona bai taso ba.

Da farko dubi wurin. Tuna inda ruwa ya kwanta a gidanka bara, da hanyar da ya bi har ya fita ta rariya. Sau da yawa a kan tura akurki can lungun da ba mai so, lungun nan kuwa shi ne mafi gangare a gidan. In haka naka ya ke, tashe shi. Nemi tudu. Kada ya kasance ƙarƙashin indararo, kada ya jingina da tsohuwar katanga mai tsaga, kada kuma ya zama gindin itace mai busassun rassa. Ya yi nesa da rijiya, da madafi, da inda a ke shanya. Lalle ne kuma ya kasance ta ƙasan rijiya, ba ta samanta ba, don in ruwa ya wanke shi ya yi waje, kada ya nufi abin shanku.

Sa'an nan daɓe. A cika ƙasa a ɗaga shi kamar ƙafa ɗaya bisa tsakar gida, a daɓe da kyau. Wanda ke wurin da ruwa ke kwanciya ya ɗora akurkin bisa duwatsu ko turaku, kamar yadda a ke ɗora rumbu. Kakanninmu ba su ajiye hatsinsu a ƙasa ba. Dabarar da ta tsare gero ita ce za ta tsare kaza. A haƙa 'yar hanyar ruwa a kewaye, a kuma fid da shara daga rariyar gida. Rariya ɗaya da leda ta toshe ta isa ta mai da tsakar gida tafki.

Ƙofa kada ta kalli gabas. A yi mata murfi mai ƙarfi da sakata, ba faifai ko tsohon kwano da a ke tokarewa da dutse ba. Bangon gabas a ƙara masa yaɓe, in da hali a shafe shi da makuba ko siminti. A toshe ramukan ɓera da gafiya, gama ta nan ruwa ke kurɗawa, ta nan kuma maciji ke shiga.

Amma a nan akwai kuskuren da masu himma ke yi. Don gudun ruwa sai su toshe akurki ruf, ko ƙofar allura babu. Wannan ɓarna ce. Numfashin kaji da kashinsu suna fid da tururi da wani wari mai yaji a ido, in ba su sami mafita ba sai su ɓata wa kaji idanu da huhu. A bar 'yan tagogi can sama, ƙarƙashin inuwar jinka, ta yamma ko ta arewa, a sa musu waya ko saƙar kara. Ga yadda za ka gwada: sa kanka ciki da safe. In idonka ya yi yaji, iska ba ta isa ba.

Rufi kuwa, in jinka ce a sake baibaye ta, a ɗaure ta da igiya ko waya a jikin turaku, bakinta ya zarce bango sosai don ruwa ya zuba nesa. In kwano ne, a buga masa ƙusa, a kuma ɗaure. Al'adar nan ta ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi bisa kwano ba tare da ƙusa ba, a bar ta. Iskar da ta ɗaga kwanon za ta zubo duwatsun a kan kaji, kwanon kuma ya tashi sama kamar wuƙa. Kwano mai tashi cikin iska ba ya tambayar ko kaza ce gabansa ko yaro.

A ciki a gitta sanda ko gora, kamar ƙafa biyu daga ƙasa, don kaji su hau su kwana. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa ko garin katako, kaurin yatsa uku ko huɗu. A tanadi buhu ɗaya ko biyu na busasshen ƙaiƙayi a rataye, gama cikin Agusta ba za ka sami busasshe ba ko da kuɗinka. Akurki mai ƙafa 4 a faɗi da 6 a tsawo ya ishi kaji 10 kwana. In sun fi haka a yi na biyu. Cunkoso na kawo cuta, in kuma tsawa ta firgita su sai su danne juna. Agwagi a ware musu nasu wuri, don suna jiƙa shimfiɗa.

Masu kiwon kajin gidan gona, irin su Shika Brown ɗin nan da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar, ɗakunansu galibi rabin bango ne, sama waya. Su ɗinka buhuna su yi labule ta gabas, a sake shi in hadari ya taso, a naɗe in ya wuce. Kada a bar shi a sake kwana da kwanaki.

Koya wa kaji amsa kira

Wannan shi ne abu mafi sauƙi cikin takardar nan, ba ya cin ko kwabo, kuma shi ya fi kome amfani. Akurki mai kyau ba shi da amfani in kaji ba su san shi ba.

Tun saura mako uku ko huɗu ruwa ya sauka, kowace yamma a ɗauki ɗan tsaba ko dusa, a tsaya bakin akurki, a yi kira iri ɗaya, ko a buga kwano da cokali, sa'an nan a watsa tsabar a ciki. A ciki fa, ba a tsakar gida ba. In sun shiga a rufe. Kullum haka, lokaci ɗaya, kira ɗaya. Ba a daɗe ba za ka ga da jin ƙarar kwanon sun sheƙo a guje daga duk inda su ke. To, ran da gabas ta haɗa, ko da rana tsaka ce, mace ɗaya tana tsaye a ƙofar ɗakinta za ta tara kajinta duka cikin ɗan lokaci, ba wanda ya fita gida.

Zabi sun fi wuyar sha'ani. Su ba su son rufi, bisa itace su ke so su kwana, in kuma aka firgita su sai su watse cikin gona. Wanda aka ƙyanƙyashe shi ƙarƙashin kaza ya tashi tare da kaji, ya fi saurin sabawa da akurki. Manya waɗanda suka riga suka saba da itace, a yi ta jawo su da tsaba da haƙuri. In hadari ya riga ya iso ba su shiga ba, a ƙyale su. Babban zabo ya fi kaza jure ruwa, kuma ba a hawa itace cikin tsawa don zabo.

Masu kwanci da 'yan tsaki

Damina ita ce lokacin ƙwan zabi. Zabuwa kuwa a ciyawa ta ke yin sheƙa, inda ruwa da maciji da kare duk za su same ta. A riƙa bin sawu ana kwaso ƙwan, a sa wa kaza ta kwanta a kai. Ƙwan kaza kwana 21 ya ke yi, na zabuwa 26 zuwa 28, na agwagwa irin tamu wajen 35. Duk tsawon kwanakin nan mai kwanci tana bukatar wuri busasshe. A sa mata kasko ko kwando da ciyawa a ɗora bisa tubali, a cikin rufi. Ƙwan da ruwa ya kwanta a kansa ya yi sanyi, galibi ya lalace.

In an ƙyanƙyashe, kada a saki uwa da 'ya'ya su bi gari. A kife su da babban kwando ko a yi musu ɗan shinge ƙarƙashin rumfa, har mako 4 ko fiye, a riƙa kawo musu tsaki da dusa da gara da ɗanyen ganye. Wannan zai tsare su daga ruwa, ya kuma tsare su daga shirwa. 'Yan zabi sun fi 'yan kaji rauni. Ko raɓar safiya da ke jikin ciyawa tana kashe su. Kada a sake su sai rana ta ɗaga, ƙasa ta sha iska. Ruwan shansu a zuba a abu marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. 'Yan agwagwa ma, kada ganin uwarsu na son ruwa ya ruɗe ku. In ruwan sama ya yi musu duka suna ƙanana, mutuwa su ke yi.

Abinci

A ajiye dusa da tsaba a tukunya mai murfi ko garwa, bisa dutse ko katako, ba a ƙasa ba. A tanadi abin da zai ishe su kwana biyu ko uku, gama ran malka ba za su fita kiwo ba.

Hatsi ko gyaɗa ko tunkuza da suka jiƙe suka yi fumfuna, kada a ce bari a ba kaji don kada a yi asara. Wata fumfunar tana fid da dafi mai lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar garin gyaɗa ne mai irin wannan dafi aka ba su. Tun daga nan masana suka gane shi, suka kuma gane yana cutar da mutum kamar yadda ya ke cutar da tsuntsu. Mu da mu ke ƙasar gyaɗa da masara, mu ya fi kamata mu kiyaye. Abin da ya yi fumfuna a binne shi ko a ƙone.

In hadari ya taso

Da ganin gabas ta haɗa, a buga kwano, a rufe kaji, a sa sakata. A kwashe kwanoni da faranti da duk abin da iska za ta iya ɗauka. Sa'an nan kowa ya shiga ɗaki.

In an fara jin tsawa, magana ta ƙare. Duk wanda ke jin ƙarar tsawa, aradu na iya kai wa gare shi. Kada a aiki yaro neman kazar da ta ɓace. Kada a fake gindin itace, kada a tsaya jikin katangar ƙasa, kada a taɓa wayar lantarki da ta faɗo ko ruwan da ta faɗa ciki. A jira kamar minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a fita. Iyaye, ku yi lissafi: nawa ne kuɗin kaza?

In ruwa ya ɗauke cikin dare kana so ka duba akurki, tafi da tocila, sa takalmi. Kada ka zura hannu cikin duhu. Ruwa ya kan kori macizai da kunamu daga ramukansu, su ma wuri busasshe mai ɗumi su ke nema. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau. A hana shi yawan motsi, a kai shi asibiti nan da nan.

Ɗan tsakon da aka tsinta a jiƙe, ko ya yi kamar ya mutu, kada a yar da shi tukuna. A goge shi da busasshen tsumma a hankali. A zuba ruwan ɗumi a kwalba, a naɗe ta da zane, a sa su tare cikin kwando, a rufe da tsumma a bar kafar iska. Sau da yawa sai ka ga ya farfaɗo ya fara kuka. In ya miƙe a ba shi ruwa mai ɗan ɗumi da ɗan sukari kaɗan ya sha da kansa. Kada a ɗura masa, zai shaƙe. Kada kuma a kanga shi a bakin wuta.

Ɗakin kwana ba akurki ba ne

Mun sani tausayi ne ke sa uwar gida ta kwashi kajinta ta sa ƙarƙashin gado, wani lokaci kuma tsoron ɓarawo. Amma ku dubi abin da ke biyo baya. Kashin kaza, ko mai lafiya ce, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, masu sa zawo da ciwon ciki da zazzaɓi. Jariri mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa baki ya ke kai wa. Yaron da ke yawan zawo ba ya ƙiba, ba ya girma yadda ya kamata. Ga kuma ƙuma da ke barin jikin kaza ta koma shimfiɗa.

In larura ta sa tilas, misali akurki ya rushe cikin dare, a sa su a zaure ko ɗakin ajiya, cikin kwando, bisa buhu. Da safe a fitar, a share, a wanke wurin, a wanke hannu da sabulu. In ba sabulu, toka ta fi babu.

Sai zancen gawayi, wanda ya fi duk sauran haɗari. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki ya kan fid da wata iska mai guba, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum ba ya sanin yana shaƙarta. Sai ya ji ciwon kai da jiri da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Hayaƙin janareta ma haka ya ke. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, ko don 'yan tsaki, ko don sanyi. In an ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai da jiri, a buɗe ƙofa da taga, a fid da su waje, a kai su asibiti. Fitilar kananzir kuma kada a ajiye ta cikin ƙaiƙayi inda kaza za ta ture ta.

Bayan gari ya waye

A fara da rijiya. In ruwan tsakar gida ya shiga cikinta, ko ruwanta ya gurɓace, kada a sha sai an tafasa, ko an sa maganin tsabtace ruwa yadda malamin tsabta ya nuna. Rijiyar da ba ta da ɗagaggen baki da murfi, a yi mata kafin wani ruwan. Yaron da ya fara zawo a dama masa garin gishiri da sukari ɗin nan da a ke bayarwa a asibiti, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. In akwai jini cikin zawon, ko amai ya hana shi sha, kada a kwana.

Sa'an nan akurki. A kwashe duk shimfiɗar da ta jiƙe, a kai gona ko ramin taki, a barbaɗa toka, a zuba busasshiya. Shimfiɗa mai danshi ita ce ke raya cutar nan da ke sa 'yan kaji su yi kashi da jini, su saki fikafikai. A wanke mazubin ruwansu a zuba mai tsabta; kada a bar su su sha na kwata. Gwangwanaye da fasassun tukwane da ramukan da ruwa ya taru, a kife, a cike, gama cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 sauro ya ƙyanƙyashe a ciki. A tara wa kaji busasshiyar ƙasa da toka ƙarƙashin rumfa su yi birgima, shi ne maganin ƙuma.

Kazar da aka tarar ta mutu, mushe ce. Addini ya hana, likita ma ya hana. Kada a jefar da ita a bola ko kwata ko bayan katanga. A sa leda a hannu a ɗauka, a haƙa rami mai zurfi wanda kare ba zai tone ba, nesa da rijiya kamar taku 40, a binne, a wanke hannu. Kada yara su yi wannan aiki. Wadda gini ya faɗa wa ta karye, alhali jiya lafiyarta lau, ana iya yanka ta a dafa sosai a ci. Amma wadda ta kwana biyu tana gyangyaɗi, al'adar nan ta a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta cika, a daina. Kada kuma a kai ta kasuwa a sayar wa wani.

Dalili kuwa shi ne, ba kowace mutuwa ce ta sanyi ba. Mutuwar sanyi ta kan tsaya ga ƙanana, a daren ruwan. In aka ga manya suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ko kai ya kumbura, ko tukku ya yi baƙi-baƙi, ko wuya ya murɗe, ko numfashi ya yi wuya, wannan annoba ce. A cikin Fabrairu 2006, a wata gonar kaji a Jaji, nan kan hanyar Kaduna, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a ƙasar nan, ta kuma sake ɓullowa a 2015 da 2021. Cuta ce mai iya kama mutum. In an ga irin wannan, a ware marasa lafiya, a hana yara zuwa wurin, a gaya wa mai unguwa da malamin dabbobi a ranar. Wanda ya taɓa irin kajin nan sa'an nan zazzaɓi da tari suka kama shi, ya je asibiti ya faɗi abin da ya taɓa.

Kada a ɓare kafso na mutane a zuba wa kaji a ruwa. Ba ya maganin annoba, ya kan kuma rage cikin ƙwai da naman da za ku ci. Mu nan kusa da masana mu ke: akwai ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, akwai kuma malaman gona. A tambaye su.

Tun da za a je wurinsu, a tambayi rigakafin cutar nan mai murɗe wuya da ke share kajin unguwa, wadda likitoci ke kira Niyukasil. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin irin wanda a ke ɗigawa a ido. Kaji masu lafiya kaɗai a ke yi wa, a kan kuma maimaita bayan 'yan watanni, yadda malamin dabbobi ya faɗa. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka maƙwabta su haɗa kuɗi su sa rana ɗaya. Cutar ta fi tsanani da hunturu, don haka a yi wa kajin da suka tsallake damina tun cikin Oktoba, kafin iskar arewa ta fara busawa.